Minti 45 da suka ci dala miliyan 460: yadda manhajar aika oda ta ƙwace wa wani kamfanin dillanci

Kamfanin da yadda oda ke bi ta hannunsa

Knight Capital kamfanin dillancin hannun jari ne da ya kasance a jihar New Jersey ta Amurka, tsallaken kogi da birnin New York. A shekarun 2011 da 2012, kusan kashi 10 cikin 100 na cinikin hannayen jarin da ke da rajista a kasuwannin Amurka ta hannunsa yake bi. Ƙananan masu zuba jari suna ba dillalansu oda ta intanet, dillalan su turo wa kamfanin. Shi kuma ko ya cika odar daga kayan da ke hannunsa ya ci ɗan bambancin da ke tsakanin farashin tayi da na sallamawa, ko ya tura ta kasuwa.

Turawar aikin wata manhaja ce mai suna SMARS, wadda ke gudana a kan manyan kwamfutoci takwas. Ita kaɗai tana ɗaukar kashi 1 cikin 100 ko fiye na cinikin ƙasar.

Odar da abokin ciniki ya bayar ita ce uwar oda. Manhajar ba ta kai ta kasuwa a dunƙule, domin hannun jari ɗaya ana cinikinsa a kasuwanni da dama a lokaci guda, kowace da farashinta da adadin da ke ajiye. Sai ta yanka uwar zuwa 'ya'yan oda, ta aika kowane ɗa inda ya fi arha ko inda kaya suka fi yawa. A ce an nemi hannun jari 1,000. Ta aika 300 kasuwa ta farko, ciniki ya faɗa a kan 200, sauran 100 suka dawo. Kasuwar za ta maido da rahoto. A FIX, harshen da na'urorin dillalai da na kasuwanni suka fi magana da shi, kowane rahoto yana ɗauke da adadi uku: abin da aka nema, jimillar abin da aka cika, da abin da ya rage. Manhajar ta rubuta 200 a jimilla, ta ga saura 800, ta sake haifar 'ya'ya. Da zarar saura ya koma sifili, ta daina.

Wannan ƙidayar ita ce kaɗai ke gaya wa manhajar cewa aiki ya ƙare. Kasuwa ba ta san da uwar oda ba. 'Ya'ya kawai take gani, kuma kowane ɗa a idonta halastacce ne: adadinsa madaidaici, farashinsa kusa da na kasuwa. Mai awo ne ke ƙirga mudu. Buhu ba ya ce masa ya isa.

2003 zuwa 2005: tsohon rubutu da aka bari a ciki

A cikin SMARS akwai wani tsohon sashe mai suna Power Peg. Sa'ad da ake aiki da shi yana da ƙidayarsa ta jimilla, yana tsayawa idan uwar oda ta cika. A 2003 kamfanin ya daina amfani da shi, amma bai goge rubutunsa ba. Ya ci gaba da zama a kan kwamfutocin, kuma makunninsa yana nan: wata alama ce a jikin oda, wadda idan aka sa mata "e" sashen zai tashi.

A 2005 aka ɗauke aikin ƙidayar daga cikin Power Peg aka mai da shi wani mataki na farko-farko a jerin aikin SMARS. Ba a sake gwada Power Peg ba bayan wannan sauyi, tunda ba mai kiransa. Daga nan ya zama sashen da ya iya aika 'ya'yan oda amma ba ya jin labarin abin da aka riga aka cika. Shekara bakwai ya kwanta a haka.

2010 zuwa 2011: sabuwar doka da gargaɗin farko

A Nuwamba 2010 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, SEC, ta kafa dokar shiga kasuwa mai lamba 15c3-5, aka fara aiki da ita a Yuli 2011. Dokar ta wajabta wa duk dillalin da ke aika oda kai tsaye ya kafa shingen da zai hana odar kuskure fita, ya kuma hana odar da za ta tsallake iyakar jarin da aka gindaya. Sharaɗin shi ne a tare tun kafin oda ta fita.

A Oktoba 2011 kamfanin ya yi gwajin farfaɗo da na'urori a ƙarshen mako da bayanan gwaji. Da aka buɗe kasuwa ranar Litinin, wani teburin ciniki ya ci gaba da fitar da farashi a kan waɗannan bayanan na bogi. Asarar ta kai kusan dala miliyan 7.5. An yi gyara a wurin da abin ya faru, amma ba a bi sauran manhajojin an tambayi abin da zai tare su idan su ma suka kauce ba.

27 zuwa 31 ga Yuli 2012: ɗora sabon rubutu

Kasuwar hannun jari ta New York, NYSE, ta shirya fara wani tsari na odar ƙananan masu zuba jari ranar 1 ga Agusta 2012, wanda ake taƙaita sunansa RLP. A tsarin, odar irin waɗannan mutane za ta iya samun farashin da ya fi na allo da aƙalla dala 0.001 a kan kowane hannun jari. Dole kamfanin ya gyara SMARS ta gane wannan sabuwar oda.

Masu rubuta manhajar ba su ƙirƙiri sabuwar alama ba. Sun ɗauki tsohon makunnin Power Peg suka ba shi sabuwar ma'ana. Shirin shi ne sabon rubutu ya maye gurbin tsohon, ta yadda "e" za ta kunna RLP.

Daga Juma'a 27 ga Yuli aka fara ɗorawa kashi-kashi, kwamfutoci kaɗan kowace rana. Injiniyan da ke aikin bai kwafa sabon rubutun a kan ɗaya daga cikin takwas ɗin ba. Ba wanda ya bi bayansa ya duba, kuma babu rubutacciyar ƙa'idar da ta ce a duba. A daren 31 ga Yuli, kwamfutoci bakwai suna karanta "e" a matsayin RLP, ta takwas tana karanta ta a matsayin Power Peg. Babu alamar matsala a kwanakin, domin babu odar da ke ɗauke da alamar tukuna.

Laraba 1 ga Agusta, 8:01 zuwa 9:30 na safe

Oda ta fara shigowa kafin buɗe kasuwa. Daga misalin ƙarfe 8:01 agogon New York, wata na'urar cikin gida ta fara aika saƙonnin imel da kanta ga wasu ma'aikata. Saƙonnin sun ambaci SMARS, sun kuma ambaci kuskure game da Power Peg da aka ce an kashe. Kafin ƙarfe 9:30 sun kai 97.

Ba a tsara irin waɗannan saƙonni a matsayin ƙararrawa ba, kuma ma'aikatan ba su saba buɗe su ba idan sun shigo. Ba wanda ya ɗauki mataki a kansu. Sa'a ɗaya da rabi ke nan da sunan sashen da ya kamata a ce ya mutu yana yawo a akwatin saƙo, kasuwa a rufe, ba a yi asarar ko sisi ba.

9:30 zuwa misalin 10:15: abin da kwamfuta ta takwas ta yi

Da aka buɗe kasuwa, bakwai ɗin suka yi aikinsu daidai. Odar da ta faɗa wa ta takwas ta tayar da Power Peg. Ya aika ɗa, ciniki ya faɗa, rahoto ya dawo, amma jimillar da yake gani ba ta motsa ba, sai ya sake aikawa. Wani ɓangare na tsarin kamfanin ya gane cewa uwayen odar sun cika, amma wannan labarin ba ya isa SMARS.

Uwayen oda 212 kacal tsohon sashen ya taɓa. Daga cikinsu ya haifi miliyoyin 'ya'ya. A cikin kusan minti 45 aka ƙulla ciniki sama da miliyan 4, a hannayen jarin kamfanoni 154, adadin ya haura hannun jari miliyan 397. Idan aka raba, kusan ciniki 1,500 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma kowace uwar oda ta jawo hannun jari kusan miliyan 1.9.

Tunda odar abokan ciniki ta riga ta cika tun farko, duk rarar ta zama ta kamfanin. A kamfanoni 80 ya wayi gari riƙe da hannun jarin kusan dala biliyan 3.5 da bai yi niyyar saya ba. A kamfanoni 74 kuma ya sayar da na kusan dala biliyan 3.15 da ba shi da su, waɗanda dole ya sayo daga baya ya cike. Asarar tana fitowa ta nan: mai saye ba ƙaƙƙautawa shi ke tura farashi sama da hannunsa, yana ƙara saye da tsada, kuma da ya tsaya farashin ya koma inda ya fito. Mai sayarwa ma haka, ta ɗaya gefen. A kamfanoni 75, cinikin kamfanin ya wuce kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka yi, farashi ya motsa da fiye da kashi 5. A 37 daga cikinsu ya wuce rabin cinikin, farashi ya motsa da fiye da kashi 10.

Shingayen da ke akwai da yadda aka wuce su

Kamfanin ba a buɗe yake gaba ɗaya ba. Yana da matakan kariya, kowanne ya kasa ta hanyarsa.

Ana tantance uwar oda kafin ta shiga SMARS. Uwayen 212 lafiyarsu ƙalau, don haka suka wuce. A ƙofar fita babu abin da ke gwada jimillar 'ya'yan da suka fita da adadin uwar da ta shigo.

Akwai shingen farashi: ɗan oda ba zai wuce kashi 9.5 cikin 100 sama ko ƙasa da farashi mafi kyau na lokacin da uwar ta shigo ba. Wannan farashi yake kallo, ba adadi ba. Ban da haka ma, bai shafi odar da ta shigo kafin buɗe kasuwa don shiga gwanjon buɗewa ba, kuma 212 ɗin irin wannan ce.

Cinikin da na'ura ta kasa haɗawa da wata uwar oda yana faɗawa wani asusun wucin gadi da ake kira Asusu 33. An sa masa iyakar dala miliyan 2. Iyakar a takarda take. Ba a haɗa ta da wani abu da zai tsayar da aika oda ba. A matsakaicin lissafi, kayan da ke taruwa suna ƙaruwa da kusan dala miliyan biyu da rabi a daƙiƙa, wato an tsallake iyakar tun ba a gama zama ba. Kuma da yake asusun yana karɓar kaya daga wurare daban-daban, manyan ma'aikatan da suka ga yana kumbura ba su iya gane daga ina kayan ke kwararowa nan take ba.

Allon da ake sa ido da shi, PMON, yana nuna abin da aka riga aka ƙulla ne. Ba ya yin ƙara da kansa, ba ya nuna iyaka kusa da adadi, sai mutum ya san iyakar a ka ya kuma lura an wuce ta. Idan ciniki ya yi yawa yana jinkiri, ya nuna lissafin da ba daidai ba. Ranar da aka fi bukatarsa ita ce ranar da ya fi jinkiri.

A ɓangaren kasuwa akwai tsarin dakatar da cinikin hannun jarin da farashinsa ya yi tsalle cikin minti biyar, wanda aka kawo bayan rugujewar farashin kasuwa ta 6 ga Mayu 2010. A lokacin ba ya fara aiki sai 9:45. Minti 15 na farko babu shi.

Abin da aka gwada

Kamfanin ba shi da rubutaccen tsarin abin da za a yi idan manhaja ta ƙwace, ko wanda ke da ikon cewa a kashe. Aka bar wa injiniyoyi su nemo dalili alhali oda tana ta fita.

Sun yi tunanin da kowane injiniya zai fara yi: me aka sauya kwanan nan? Sabon rubutun RLP. Sai suka cire shi daga kwamfutoci bakwai da ke aiki daidai, suka koma tsohon. Amma na'urorin da ke turo wa SMARS oda ba su daina sa alamar "e" a jikin oda ba, kuma a tsohon rubutu ma'anar "e" ita ce Power Peg. Sabbin uwayen odar da suka shigo suka tayar da shi a sauran kwamfutocin ma. Gyaran ya ƙara wa wutar fetur.

Abin da ya kawo ƙarshen ɓarnar shi ne daina aika oda, bayan kusan minti 45.

1 zuwa 6 ga Agusta: sauke kaya da neman jari

Fatan farko shi ne a soke cinikin. NYSE ta duba, ta soke na kamfanoni shida kawai, inda aka ƙulla ciniki da tazarar kashi 30 cikin 100 ko fiye daga farashin buɗewa. Ɗaya daga cikinsu, Wizzard Software, ya tashi daga dala 3.50 zuwa 14.76. Sauran cinikin duk ya tsaya, domin waɗanda suka saya ko suka sayar wa kamfanin sun yi ne a farashin da ke kan allo.

Kamfanin ya sayar da abin da ya iya a kasuwa, bankin Goldman Sachs ya kwashi ragowar a dunƙule da rangwame. Ranar Alhamis 2 ga Agusta ya sanar da asarar kusan dala miliyan 440. Binciken hukuma daga baya ya sa ta sama da miliyan 460. Hannun jarin kamfanin kansa ya faɗo daga dala 10.33 ranar Talata zuwa 2.58 ranar Alhamis. Wasu manyan dillalai suka karkatar da odarsu zuwa wasu wurare.

Lokaci ma ya matse. A wancan zamani ana kammala biyan kuɗin ciniki kwana uku na aiki bayan ƙulla shi, don haka cinikin Laraba ranar Litinin ake biyansa. Ranar Litinin 6 ga Agusta kamfanonin kuɗi shida suka zuba dala miliyan 400, da sharaɗin za su iya mai da kuɗin hannun jari a kan dala 1.50 kowanne. Hakan ya ba su fiye da kashi 70 cikin 100 na kamfanin. Ciniki ya ci gaba, abokan hulɗa suka fara dawowa.

Disamba 2012 zuwa Oktoba 2013

A Disamba 2012 kamfanin ya amince ya haɗe da ɗaya daga cikin waɗanda suka cece shi, aka kammala a Yuli 2013. Ranar 16 ga Oktoba 2013 SEC ta ci shi tarar dala miliyan 12 saboda saɓa dokar shiga kasuwa. Shi ne karo na farko da aka hukunta wani a ƙarƙashin dokar. An kuma wajabta masa ɗaukar mai bincike daga waje ya duba matakan kariyarsa.

Hukunci

An fi yawan ba da labarin a matsayin na injiniyan da ya manta kwamfuta ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar dalilan. Duk wanda ke kwafar rubutu da hannu a kan kwamfutoci takwas cikin kwanaki da dama, wata rana zai tsallake ɗaya. Maganinsa mai arha ne: kafin buɗe kasuwa na'ura ta tambayi kowace kwamfuta sigar rubutun da take ɗauke da shi, idan ɗaya ta bambanta a hana ta karɓar oda. Mantuwar ma ba za ta yi illa ba da an goge Power Peg tun 2003, ko da an ba RLP sabuwar alama. Da sabuwar alama, kwamfuta ta takwas za ta ga abin da ba ta sani ba ne, ba abin da take zaton ta sani ba.

Babban giɓin yana ƙofar fita. Kamfanin ya bar ƙidaya a hannun manhajar da ke aikawa, ya yarda cewa za ta tsayar da kanta. Shingen da ke aiki dole ya zauna daban da manhajar, tsakaninta da kasuwa, da lissafinsa na kansa: ga kowace uwar oda, abin da aka cika haɗe da abin da ke jira a kasuwa kada ya wuce abin da aka nema. A ƙara masa iyakar yawan oda a daƙiƙa da iyakar kuɗin da ke cikin kasada, kuma ƙetare iyakar ya rufe ƙofa da kansa, ba ya aika imel ba. Irin wannan shinge bai damu da sanin dalili ba. Bai san Power Peg ba, bai san RLP ba. Ya ga 1,100 na neman fita a kan odar 1,000, ya hana. Yana cin ɗan lokaci a kan kowace oda, kuma a sana'ar da ake tsere da ƙasa da ƙiftawar ido wannan ne ke sa a yi ta jan ƙafa wajen kafa shi.

Cire sabon rubutu ba wauta ba ce, shi ne matakin da littafi ke koyarwa. Ya gaza ne don an mai da rabin sauyin baya an bar rabi. Sauyin ya shafi wurare biyu, mai sa alama da mai karanta ta, aka koma da mai karantawa kaɗai. Kuskuren da ya fi wannan shi ne jerin matakan: an nemi dalili kafin a tsayar. A manhajar da ke asarar kusan dala miliyan 10 a minti, tsayarwa ce ta farko, bincike ya biyo baya. Wannan kuwa yana bukatar a san tun kafin ranar wane ne zai danna, a ba shi ikon yi ba tare da neman izini ba, a kuma gwada cewa dannawar tana hana sabuwar oda fita tana soke wadda ke jira a kasuwa.

Saƙonni 97 ɗin suna da nasu darasin na aiki. Na'urar ta faɗi gaskiya, har da sunan mai laifin, amma ta faɗe ta a hanyar da ma'aikata suka saba ƙyalewa. A ranar fara sabon tsari, duk kuskuren da ya ambaci manhajar da aka taɓa ya kamata ya je allon wanda ke bakin aiki, kuma kuskure iri ɗaya da ya maimaita kansa sau goma kafin buɗe kasuwa ya isa a cire kwamfutar da ke fitar da shi daga layi. Bakwai ɗin da suka rage suna ɗauke da rubutun da ya dace, kuma sun nuna hakan da aka buɗe kasuwa.